Zama a duniyar Mars: zai yiwu kuwa, kuma wa zai biya kuɗin?

Attajirin nan Elon Musk, mai kamfanin SpaceX, ya daɗe yana bayyana burinsa na kafa birni mai mutum miliyan 1 a duniyar Mars. Sai dai tun bayan mutum 12 da Amurka ta sauke a kan wata tsakanin 1969 da 1972, babu ɗan Adam da ya sake taka wata duniya. Babban cikas shi ne kuɗi, domin duk abin da rayuwa ke buƙata sai an yi jigilarsa daga nan.

Nisa da yanayi

Ko a lokacin da Mars ta fi kusanto mu, tazarar ta kai kilomita miliyan 56. Damar harba kumbo na zuwa ne sau ɗaya cikin wata 26, tafiyar kuma na cin wata 6 zuwa 9. A can, kashi 95 cikin 100 na iskar kabon ce, wadda ba ta shaƙuwa, matsakaicin sanyi kuwa ya kai digiri 60 ƙasa da sifili.

Hukumar NASA ta gwada haɗa iskar oksijin a can da wata na'ura mai suna MOXIE. Daga 2021 zuwa 2023 ta samar da giram 122, abin da ba zai ishi mutum ɗaya numfashin awa 4 ba. Ko a nan duniya, lokacin da aka rufe mutum 8 cikin wani katafaren gidan gilashi a jihar Arizona daga 1991 zuwa 1993 don su ciyar da kansu, oksijin ya ragu daga kashi 21 zuwa kusan 14, har sai da aka ƙara musu daga waje.

Lissafin kuɗi

Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa na da nisan kilomita 400 kacal, kuma galibi mutum 7 ke cikinta, amma ta laƙume sama da dala miliyar 100. Har yau daga ƙasa ake kai musu abinci.

Gaskiya ne jigila ta yi sauƙi. A zamanin tsoffin kumbunan NASA, kai kilo 1 sama na cin fiye da dala 50,000. Da rokar Falcon 9 ya sauko zuwa kimanin dala 2,700, wato kusan miliyan 1 da rabi na CFA. Amma wannan farashin kusa da duniya ne, ba Mars ba, alhali Musk da kansa ya ce birnin zai buƙaci kaya tan miliyan 1.

Me za su sayar?

Duk garin da ke sayen komai daga waje, dole ya samu abin sayarwa. Kawo yanzu dutse ne kawai hajar Mars da ta taɓa shiga kasuwa. Wanda aka tsinta a jihar Agadez a 2023, mai nauyin kusan kilo 25, an yi gwanjonsa a birnin New York a watan Yulin 2025 kan dala miliyan 5.3, lamarin da ya sa gwamnatin Nijar buɗe bincike kan yadda ya fita daga ƙasar. Shi wannan da kansa ya faɗo. Shirin NASA na zuwa ɗauko samfurin da bai kai kilo 1 ba kuwa, an ƙiyasta zai iya cin dala miliyar 11. Kamfanin Mars One na ƙasar Holan, wanda ya so tara kuɗin tafiyar ta hanyar shirin talabijin, ya durƙushe a 2019.

Abin da ya fi kusa da yiwuwa shi ne ƙaramin sansanin bincike da gwamnatoci za su riƙa ɗaukar nauyinsa, irin waɗanda ke yankin ƙanƙara na Antatika. Birni mai dogaro da kansa kuwa, da sauran rina a kaba.