Abin da Ke Ɓata Sabulun Ruwa a Ƙasar Adar

Duk wanda ya ratsa kasuwar Keita, ko ta Buza, ko ta Madawa a ƴan shekarun nan, ba zai rasa ganin robobi jere a kan tebur ba, cike da ruwa mai kauri, wani kore, wani ruwan ɗorawa, wanda mata suka haɗa da hannunsu a tsakar gida domin wankin kwanuka da tufafi, wani kuma domin wankin kai. Sana'ar ta bazu ne galibi ta hanyar ƙungiyoyin asusu, irin na Mata Masu Dubara da aka fara kafawa a jihar Maraɗi a 1991, kayan haɗin kuwa yawancinsu daga Najeriya suke shigowa, ta Ƙwanni ko ta Maraɗi. Matan da suka ɗauki duwatsu a ka suka dasa itatuwa a kan tsaunuka tun da aka soma Furojen Keita a 1984 ba a koya musu juriya. Saboda haka idan bokitin sabulu ya lalace a hannun sabuwar shiga, bai kamata a ce kasala ce ba. Abin da aka ba ta a wurin horo takarda ce mai cewa zuba kaza, sa'an nan kaza, ba tare da bayanin sababi ba, mai taƙlidi kuwa, ko a ilimi ko a sana'a, ranar da mas'ala ta sauya kama ba shi da inda zai dafa.

Farkon abin zargi shi ne ruwa, ko da yake shi ne na ƙarshe da ake tuhuma. Ƙasar Adar a kan dutsen farar ƙasa take zaune, irin wanda ake haƙa a Malbaza ana yin siminti, kuma rijiyoyi da yawa ruwansu yana ɗauke da narkakken wannan dutse, wasu har da zartsi. Irin wannan ruwa yana kama sinadarin wanki ya kashe masa kumfa, ya bar haɗin da duhu-duhu, wani lokaci da farar laka a gindin roba, alhali takardar da aka kwafo an rubuta ta ne a garin da ruwansa ba haka yake ba. Gwajinsa ba wuya: a tafasa shi a tukunya, idan ya bar farin ɓawo a gindi to ga mai laifi nan. Ruwan sama da aka tara bayan ruwan farko ya wanke ƙurar rufi shi ne mafifici. In babu, a tafasa na rijiya, a bar shi ya kwana, a tsiyaye na sama a zubar da na ƙasa.

Sai gishiri, wanda a kansa ne hawaye suka fi zuba. Sinadarin nan mai kama da farin kitse da ake kira Texapon, idan aka narkar da shi a ruwa aka sa masa gishiri, yana yin kauri, kuma da mace ta ga haka sai zuciyarta ta ce ƙara, domin masu saye da kauri suke auna kyau, suna karkata roba su ga yadda yake gangarowa. To amma kaurin yana da iyaka, wadda galibi ba ta wuce giram 10 zuwa 30 a kowace lita ba, gwargwadon ƙarfin haɗin, kuma da zarar an ƙetare ta sai abin ya juya baya ya tsinke, ya koma tsululu fiye da yadda aka fara, ita kuwa mai haɗi, da yake ba ta san dalili ba, sai ta ƙara wani gishirin, ciwo ya zama shi ne magani. Wanda ya tsinke ta wannan hanya ba a zubar da shi: a haɗa wani sabo wanda ba gishiri ko kaɗan, a gauraya su sannu a hankali har kaurin ya dawo. Ƙa'ida ita ce a narkar da gishirin a ruwa, a riƙa sa cokali ɗaya ana juyawa ana dakatawa, kuma a sa turare kafin gishiri, don turare ma yana sassauta kauri. A yi amfani da farin gishiri tatacce; na gargajiya yana tafe da ƙasa da kanwa. A nan ya wajaba in faɗi wata magana ko da ba za ta yi daɗi ba: gishiri ba ya wanke kome, kuma wadda ta rage Texapon ta cika ruwa, ta rufe gibin da gishiri domin ido ya ruɗu, ta shiga babin algus, ko ta sani ko ba ta sani ba.

Gudaji kuwa daga garin kauri suke zuwa, nitrosol ko si-em-si, idan aka juye shi gaba ɗaya. Barbaɗa shi ake yi ana kaɗawa, kamar yadda ake kaɗa kuka a miya, a cikin ruwa zalla tun kafin soda ta shiga. Si-em-si ma gara a jiƙa shi ya kwana. Farin kumfa da ke cika haɗi ranar da aka gama shi iska ce kawai, gobe zai washe, haka kuma duhun da yake yi a sanyin Janairu yakan tafi in ya ji ɗumi.

Abin da ya fi waɗannan nauyi shi ne sabulun da ke cin hannu, ya bar tafin mai wanki da kaushi da tsagewa. Salfonik da ake sawa a haɗin tsami ne mai ƙarfi, soda kuwa kishiyarsa ce, kuma manufar haɗa su ita ce kowanne ya kashe kaifin ɗan'uwansa. Kilo ɗaya na salfonik yana bukatar kimanin giram 125 na soda, abin da ya haura haka yana nan da ransa a cikin roba yana jiran fata. Awo da gwangwanin tumatir ko murfin roba ba ya tsare wannan haddi, sai sikeli, da kuma ƴar takardar gwaji mai sauya launi, wadda ke nuna lamba daga 0 zuwa 14. Na kwanuka ya tsaya wajen 7 ko 8. In ya haura, a narkar da ɗan garin tsamin lemo a riƙa ɗigawa ana gwadawa. Amma shamfu wani abu ne dabam, domin fatar kai tana wajen 5 da rabi ne, don haka salfonik da soda ba su da gurbi a cikinsa sam, kuma sabulun kwanukan da aka sauya wa kala da turare aka kira shi shamfu shi ne ke busar da gashi ya riƙa karyewa a bakin kitso. Masu son sa man bedi, wanda itacensa ya wadata a kwarin Majiya tun shingayen tare iska da aka fara dasawa a 1975, su sani mai da ruwa ba sa zama tare: kaɗan ake sawa, a murje shi cikin Texapon tukuna, in ba haka ba zai taso sama ya kuma rage kumfa.

Zafin Afrilu da Mayu, sa'ad da ma'auni ke wuce digiri 40, yana sa haɗi ya yi wari ko ya rabu biyu cikin makonni, sai a ce wa mata su sa famalin. Wannan shi ne ruwan da ake adana gawa da shi, kuma cibiyar binciken sankara ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sanya sinadarinsa cikin masu haddasa sankara tun 2004. A shamfu, benzowet ya wadatar a madadinsa, da sharaɗin haɗin yana ɓangaren tsami. Ga sauran kuwa, tafasasshen ruwa, da roba mai tsabta, da inuwa, da haɗa abin da zai ƙare cikin wata guda, sun fi kowane magani.

Soda ita ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba mata ruwa, domin tana tafasa ta fantsama. A yi aikin a fili, da safar hannu, a bokitin roba da muciyar itace, kada a kusanci tukunyar dalma, don soda tana cinye ta. Narkakkiyar soda ba ta da launi, yaro mai ƙishi ba ya bambanta ta da ruwan sha, kore da jan sabulu a robar lemo kuwa kiransa suke yi. Idan ta taɓa ido ko fata, a yi ta kwarara ruwa na tsawon minti 20. Idan yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko lemon tsami, a garzaya da shi likita tare da robar da ya sha, kuma a mayar da shi ko da ya ga kamar ya warke, domin ƙunar maƙogwaro takan ɗauki makonni kafin ta tsuke hanyar abinci.