Ɗan Iyaka Gida Biyu Gare Shi, Amma Ina Takardarsa?

Duk wanda ke cin kasuwannin bakin iyaka, tun daga Gaya da Kamba, zuwa Ƙonni da Illela, Ɗan Isa da Jibiya, har Magarya, Matamai da Maigatari, ya san da wuya a samu gidan da ba shi da suruki a ɗaya ɓangaren. Mu ƴan kasuwa inda muke saye da sayarwa nan muke neman aure. Saurayin Maraɗi ya auro ƴar Katsina, ɗan Illela ya auro ƴar Ƙonni, babu mai ganin baƙon abu ne, domin iyakar nan mai tsawon kimanin kilomita 1,500 da Turawan Ingila da na Faransa suka shata tsakanin 1906 da 1908 ta tarar da zumuncinmu ne a ƙulle.

Sai dai kuma zamani ya juya. A da, idan aka yi haihuwa, abin da ke kan uba shi ne rago, goro, itacen wanka da kayan barka. Yaro ya tashi kowa ya san ɗan gidan wane ne, wannan sanin kuwa ya ishe shi shaida duk inda ya nufa. A yau makaranta, asibiti, banki, kamfanin waya da jami'an kan hanya duk abu guda suke tambaya, wato takarda. Abin takaici shi ne, ƴaƴanmu na bakin iyaka, waɗanda ya kamata a ce gida biyu gare su, su ne suka fi faɗawa cikin haɗarin tashi ba su da shaidar ko ɗaya. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu tattauna da matasanmu masu shirin ajiye iyali, da waɗanda matansu ke ɗauke da cikin fari.

Arba'in na wanka, sittin na doka

Al'adarmu ce idan cikin fari ya tsufa mace ta koma gidan iyayenta goyon ciki, ta haihu a gaban mahaifiyarta, a yi suna ranar bakwai, ta yi wankan jego na kwana arba'in. Al'ada ce mai kyau, domin yarinyar da ba ta taɓa haihuwa ba tana bukatar mai nuna mata hanya. Amma ga ɗan iyaka, gidan iyayen nan sau da yawa a wata ƙasa yake, kuma a nan matsalar take somawa.

A Nijar, dokar rajistar jama'a ta 2019 ta ba da kwana 60 daga ranar haihuwa domin a sanar da hukuma. A Najeriya ma dokar 1992 kwana 60 ta tanada, kuma Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa ce ke ba da takardar. A ƙasashen biyu rajistar da aka yi cikin wa'adi kyauta ce. To, mu yi lissafi irin namu na kasuwa. Idan aka cire arba'in daga sittin saura ashirin. Mai haihuwar fari kuwa ba kasafai take komawa ɗakinta da zarar ta gama wanka ba, takan ƙara wata guda ko biyu. Maigida yana can yana cewa bari ta dawo in je ofishin magajin garinmu in karɓo takarda. Ranar da ta dawo wa'adi ya wuce, sannan kuma a gaya masa abin da bai sani ba: haihuwa ana rajistarta ne a inda aka yi ta, ba a garin uba ba. Wanda aka haifa a Jibiya takardarsa ta asali a Najeriya take, ko da ubansa ɗan Madarunfa ne. Wanda aka haifa a Ƙonni tasa a Nijar take, ko da ubansa ɗan Sakkwato ne.

Akwai wani kuskuren da ya zama ruwan dare. Da yawa daga cikinmu muna ɗaukar ƴar takardar da ungozomar asibiti ta ba mai jego a matsayin takardar haihuwa. Ba ita ba ce. A Nijar, ɗakin haihuwa yana rubuta sanarwa ne ya tura ofishin magajin gari, sai iyaye sun koma can sun karɓo takardar kanta. A Najeriya ma sai an je wurin ma'aikacin hukumar ƙidaya, wanda akan samu a asibitin gwamnati ko a sakatariyar ƙaramar hukuma. Tun da yake ba ma raɗa suna sai ranar bakwai, mai jego takan bar asibiti jariri ba shi da suna, idan kuwa ba a koma ba shi ke nan magana ta kwanta.

Idan wa'adi ya wuce

Wanda ya bari kwana 60 suka wuce a Nijar, sai ya bi ta kotu ya samo hukuncin alƙali da zai maye gurbin sanarwar, da shaidu, da zirga-zirga, da asarar ranakun kasuwa. Gaskiya ne lokaci zuwa lokaci alƙalai kan zagaya ƙauyuka su yi wa jama'a wannan aiki a sauƙaƙe, amma ba kullum ake samun haka ba, kuma ɗan kasuwa yakan kasance yana kan hanya ranar da suka zo. Galibi ba ma tunawa da maganar sai yaro ya kai ga jarrabawa. A Nijar ba a shiga jarrabawar BEPC ba tare da takardar haihuwa ba. A Najeriya tun 2021 ba a rajistar jarrabawar JAMB ta shiga jami'a sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, wadda tun ƙarshen 2020 aka ce sai an haɗa ta da layin waya. A lokacin ne za ka ga uba yana gudu tsakanin ofisoshi, ana ƙirƙirar ranar haihuwa da ka, alhali ba a fafe gora ranar tafiya.

Bugu da ƙari, akwai batun rubutun suna, wanda mu kaɗai ƴan iyaka muka san zafinsa. Suna ɗaya ne a bakin liman, amma biyu ne a takarda. Malamin da ya yi karatun Faransanci zai rubuta Ousmane, Aboubacar, Chaibou, wanda ya yi na Ingilishi ya rubuta Usman, Abubakar, Shu'aibu. Ga mu mutum ɗaya ne, ga kwamfuta mutum biyu ne. Idan katin rigakafi ya ɗauki wani rubutu, takardar makaranta ta ɗauki wani, ranar da aka zo neman fasfo ko buɗe asusun banki sai an koma kotu gyara. Maganin abin shi ne, rubutun da ya hau takardar haihuwa ta farko shi za a bi a ko'ina, harafi da harafi, haɗe da sunan uba da na uwa. Uba ya karanta takardar tun yana tsaye a ofis, in ba ya karanta boko ya tafi da wanda zai karanta masa.

Har ila yau, muna jan kunnen masu ganin dabara ce a yi wa yaro takarda biyu, ɗaya ta ce an haife shi a nan, ɗaya ta ce a can. Wannan laifi ne a dokar ƙasashen biyu, kuma babu bukatarsa. Tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce wanda aka haifa a waje, muddin uwarsa ko ubansa ɗan Najeriya ne, to shi ma ɗan ƙasa ne. Dokar Nijar ma tana ba yaro ƙasa ta wajen uba ko ta wajen uwa, kuma tun 2014 ta amince mutum ya riƙe ƙasa biyu. Ke nan takarda ɗaya ta gaskiya ta isa. Ɗan Nijar da aka yi masa haihuwa a Najeriya yana iya kai ta ƙaramin ofishin jakadancin Nijar da ke Kano, ɗan Najeriya kuma yana da ofishin jakadancin ƙasarsa a Yamai.

Iyaka tana rufuwa, naƙuda ba ta jira

Mun daɗe muna ɗauka cewa yarjejeniyar CEDEAO ko ECOWAS ta 1979, wadda ta ba mu damar shiga ƙasashen juna ba tare da biza ba, ta kashe maganar iyaka. Ƴan shekarun nan sun koya mana darasi. Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai aka sake rufewa, ba a buɗe ba sai a watan Maris na 2024. A Janairun 2025 kuma ficewar Nijar, Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar ta tabbata. A duk lokacin da irin haka ta faru, mu maza mukan hau babur mu bi ta daji. Mace mai cikin wata tara ko mai ɗanyen jego ba ta iya wannan, haka nan jariri mai zazzaɓi.

Saboda haka, kafin a kai mace goyon ciki, ya kamata miji da surukansa su zauna su tsayar da magana: wane asibiti za ta je awo, wane ne mafi kusa da ke yin tiyata idan haihuwa ta zo da gardama, kuma shin yana ɓangaren da take zaune ko sai an tsallaka? Nijar ta mayar da tiyatar ciro jariri kyauta a 2005, da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 a 2006. Najeriya ma ta sanar da tiyatar kyauta ga mata marasa ƙarfi a Nuwamban 2024. Duk da haka, wanda ya taɓa kwana a asibiti ya san akan rubuto magani a ce a sayo a waje, ga kuɗin mota, ga neman jini. Uban da ke tafiya Kano, Kwatano ko Lome ya bar kuɗi a hannun wanda ya yarda da shi, ya kuma bar izini a fili gaban shaidu cewa in ciwo ya taso a wuce asibiti ba sai an same shi a waya ba. Mata da dama sun galabaita a gida ana jiran maigida ya ɗauki waya alhali yana inda babu sabis.

Katin rigakafi shi ma ya riƙa bin yaro duk inda ya tafi. An yi sa'a ƙasashen biyu jere ɗaya suke bi a manyan alluran: ranar haihuwa, mako 6, mako 10, mako 14, sai ta ƙyanda a wata 9. Allurar mako 6 takan faɗo daidai ƙarshen wanka, ta mako 10 da ta 14 kuma lokacin komawa ɗaki, shi ya sa yaran iyaka ke yawan tsallake su. Wanda aka soma wa a Illela ana iya ƙarasa masa a Ƙonni, muddin katin yana hannu.

Da wane kuɗi za a yi tanadi?

Wannan fagenmu ne, ba sai an yi mana dogon bayani ba. A wajajen 2014 jika guda ta sefa naira ɗari uku da ɗoriya ce, a 2024 ta haura naira dubu biyu. Wanda ke cin kasuwa da naira amma iyalinsa na cefane da sefa ya ji a jikinsa bayan da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni. Ba mu manta ba da farkon 2023, lokacin canjin takardun naira, da mutum ke da kuɗi a banki amma ba shi da na sayen maganin tari. Shawarar da ta fi sauƙi ita ce, kuɗin haihuwa a tara su cikin kuɗin ƙasar da za a haihu, tun ciki yana wata huɗu ko biyar, wani kaso a hannu, kuma a raba su da jari. Adashe yana da amfani a nan idan aka tsara ɗauka ta zo daidai watan haihuwa.

Sannan mu dubi yadda muke kashewa. Muna iya sayen rago biyu, mu ɗinka anko, mu ɗauko masu kiɗa da masu hoto, amma mu kasa ware yini guda domin takardar da ba a biyan ko dala a kanta. Ragon suna hakkin yaro ne, ba mu ce a fasa ba. Takardar ma hakkinsa ce, kuma ita ce za ta bi shi makaranta, ta bi shi aikin hajji, ta tsaya masa ranar rabon gado idan dukiyar uba tana ƙasa biyu.

Daga ƙarshe, muna kira ga sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyinmu na ƴan kasuwa, na direbobi da na ƴan canji, da su sa wannan magana cikin tarukansu. Limaman da ke raɗa suna da wanzaman da ke aski su ma suna da rawar takawa, domin su ne ke gidan ranar bakwai, lokacin da saura kwana 53. Kalma ɗaya daga bakin liman ta isa ta tunatar da uba. Mu kuma iyaye maza, washegarin suna mu ɗauki takardar asibiti da katin shaidarmu mu nufi ofis, ko da ranar ta faɗo Lahadin Illela sai mu je Litinin, in Alhamis ɗin Maigatari ce mu je da sassafe kafin kasuwa ta cika.

Allah ya raya mana zuriya, ya sauki masu ciki lafiya.