Sumo, Tanki da Matata: Yadda Matsin Ruwa Ke Ɓata Aikin Tacewa a Gidajen Potiskum

A Potiskum, in aka tayar da zancen ruwa, kukan da kunne ya saba ji na rashi ne: famfo bai kawo ba, 'yan ga-ruwa sun ƙara kuɗin jarka, burtsatsen unguwa ta tsaya saboda babu wuta. Shi ya sa wanda Allah ya hore wa ya haƙa burtsatse a gidansa, babban burinsa ya murɗa famfo ya ga ruwa na feshi. Ana yaba mai gyaran famfo da ƙarfin ruwan da ya kawo, ana sayen sumo, injin da ke ɗago ruwa daga burtsatse, da ƙarfin dokinsa. A 'yan shekarun nan kuma an ƙaro wani abu, wato matatar ruwa, waɗannan kwalaben roba da ake jerawa a jikin bututu don su tace duk ruwan da zai shiga gida. Niyyar mai kyau ce. Sai dai ƙarfin da ake alfahari da shi da tsabtar da ake nema ba sa tafiya tare sai an yi musu lissafi, kuma a garin da magidanci ne da kansa ke samar da matsin ruwan gidansa, nauyin wannan lissafi a wuyansa yake.

Lissafin ba mai wuya ba ne. Ana auna matsin ruwa da ma'aunin da ake kira bar, kuma duk tsayin mita 10 na ruwa yana ba da kusan bar ɗaya. Tankin da aka ɗora a kan ƙarfe mai tsayin mita 6 yana ba famfon tsakar gida abin da bai wuce bar 0.6 ba. A Amurka, inda ruwan gari ke zuwa da ƙarfi dare da rana, dokokin aikin famfo sun iyakance matsin da zai shiga gida a kusan bar 5.5, in ya haura haka sai an sa bawul mai rage shi, kuma bar 3 zuwa 4 ake ɗauka daidai. Wani zai ce to ina ruwanmu, mu da ko bar ɗaya ba mu samu? Amsar tana cikin rijiya. Potiskum na zaune a kan shimfiɗar dutsen yashi da masana ƙasa ke kira Kerri-Kerri, kuma sumon da zai ɗago ruwa daga zurfi dole ya zama ƙaƙƙarfa. A ɗauka an sayi wanda iyakar turawarsa mita 120 ce, ruwan kuma yana kwance a mita 60. Muddin bakin bututu a buɗe yake yana zuba cikin tanki, lafiya lau. Amma da zarar an rufe bawul, ko wani abu ya toshe hanya, rarar mita 60 ɗin nan ta zama bar 6 da ke danne duk abin da ke tsakanin rijiya da toshiyar. Idan an ɗaura matata a wannan tsakanin, kamar yadda ake yawan yi don a ce ruwa mai tsabta ne kaɗai ke shiga tanki, to ita ce toshiyar, kuma kullum laka na ƙara cushe ta.

Abin da ke faruwa a cikin kwalbar kowace mai koko ta san shi. In tana tace gasara ta bar ta tana tsiyaya a hankali, kamu ne ke sauka. In ta yi gaggawa ta murɗe abin tatar da ƙarfi, sai dusa ta bi. Zaren da ke cikin matata an saƙa shi ne ya kama yashi da laka da tsatsa, amma idan bambancin matsi tsakanin gabansa da bayansa ya yi yawa, yakan lotse, ko ruwa ya huda wa kansa hanya ta gefe, ko ya saki dattin da ya riga ya kama. Na gawayi ma matsalarsa ta fi ɓoyuwa. Gawayi yana cire wari da ɗanɗano ne ta hanyar riƙe abubuwan a jikinsa, wannan kuwa sai ruwa ya ɗan jima a cikinsa. Matsi mai yawa yana ƙara gudu, gudu kuma yana rage jimawa. Haka ma fitilar nan mai kashe ƙwayoyin cuta da wasu ke sawa a ƙarshe: an ƙayyade mata litar da za ta iya a minti guda, in an zarce, ƙwayoyi sun wuce da ransu. Abin da ya fi damuna a nan shi ne babu alamar da ido zai gani. Ruwa na fitowa garau, uwargida ta daina tafasa na jariri saboda an sa matata, alhali matatar ta daɗe da daina aikinta.

Ita kanta kwalbar tana da iyaka. Mai shago zai nuna rubutun da ke jikinta ya ce tana ɗaukar bar 8, kuma ba ƙarya ya yi ba, amma an yi wannan awon ne da ruwa mai sanyi a inuwa. Roba tana raunana da zafi. Bututun roba irin wanda muke sawa, ƙarfin da aka rubuta masa na kusan digiri 23 ne, in ya kai digiri 43 abin da zai iya ɗauka ya ragu da rabi. Duk wanda ya yi bazara a Potiskum ya san a Afrilu da Mayu iska kanta takan haura digiri 40, balle kwalbar da aka kafe a bango tana shan rana. Sai kuma bugun ruwa, wannan ƙarar da ake ji a bututu in an rufe famfo farat ɗaya ko wuta ta ɗauke inji na aiki. Masanin Rasha Nikolai Joukowsky ya yi gwaji a kansa a bututun birnin Mosko, ya fitar da lissafinsa a 1898: ruwan da ke gudun mita ɗaya a daƙiƙa, in aka tsayar da shi nan take, yana iya ƙara fiye da bar 10 a bututun ƙarfe, a na roba kuma wajen bar 4. A inda wuta ke zuwa tana ɗaukewa, kwalba na shan wannan duka sau da yawa a rana, har ranar da wuyanta zai tsage.

Masu gyaran famfo suna da hujjar da ya kamata a saurara. Sukan ce in aka mayar da matata bayan tanki, ruwan da ke saukowa da nauyinsa ba zai iya ratsa ta ba, sai famfo ya koma ɗigo, maigida ya zo yana faɗa. Gaskiya ne rabin bar ba ya tura ruwa ta matsattsen zare guda ɗaya. Amma maganin wannan faɗaɗa hanya ne. A bar sumo ya zuba kai tsaye cikin tanki, a ɗaga bakin fitar ruwan sama da gindin tanki kaɗan don yashi ya kwanta, a riƙa wanke tankin. Wannan kwanciyar kaɗai ta ɗauke wa matata babban kaso na aikinta, kyauta. Daga nan a sa babbar kwalba maimakon ƙarama, ko biyu kafaɗa da kafaɗa su raba ruwan, a fara da zare mai faɗin ido kafin mai ƙanƙanta. In gidan bene ne har sai an ƙara injin turawa, a sa shi bayan tanki, a ɗaure shi ya riƙa tsayawa a bar 2 zuwa 3. Sannan a kafa agogon auna matsi biyu, ɗaya kafin matata ɗaya bayanta. Su ne za su faɗi ranar canza zare: inda akwai injin turawa, in tazarar da ke tsakaninsu ta doshi bar ɗaya, lokaci ya yi.

Akwai kuma mai cewa wannan damuwar masu hali ce, talaka jarka yake saya. To daga ina jarkar take? Ɗan ga-ruwa a burtsatsen wani yake cika kurarsa. Makarantar kwana, asibiti, masallaci da gidan ruwan leda duk irin wannan haɗin sumo da tanki da matata suke amfani da shi, kuskuren haɗi ɗaya kuwa yana shiga tulunan gidaje masu yawa. Ƙishirwar ƙarfi tana da wata ɓarnar da ta fi wannan. Mai ɗaura inji kai tsaye a bututun gari don ya zuƙo ruwa yana kashe matsin layin gaba ɗaya, kuma bututun da matsinsa ya mutu, in yana da tsaga a kusa da kwata ko masai, ƙazanta yake tsotsa ya kai wa maƙwabta. Ta irin wannan gurɓatar ruwa kwalara ke yaɗuwa, kuma a 2021 mutum fiye da 100,000 aka yi zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, mafi yawansu a Arewa.

Ko an daidaita matsi, a san abin da matata ba ta iyawa. Zaren da aka fi sayarwa, mai faɗin ido maikron 5, yana tare laka, amma ƙwayar kwalara ta fi idonsa ƙanƙanta, kuma ba ya taɓa sinadarin naitiret da ke tsatsowa daga masai zuwa rijiya. Ma'aunin ruwan sha na ƙasa, NIS 554, wanda hukumar kula da ingancin kaya ta SON ta fitar a 2007, ya iyakance naitiret a miligiram 50 cikin lita, baƙin ƙarfe kuma 0.3. Wanda zai kashe kuɗi ya fara kai ruwan rijiyarsa ɗakin gwaji, ya san abin da zai tace, sannan ya tambayi mai haɗa masa kaya bar nawa sumon zai kai in an rufe bawul, kafin ya yarda a ɗaura kwalba ko ɗaya a gabansa.