Barewa Ba Ta Gudu Ɗanta Ya Yi Rarrafe

Jama'a, yaro ba a makaranta yake fara koyon riƙon kuɗi ba. A gida yake farawa. Abin da ya ga ubansa da uwarsa suna yi, shi zai yi.

Mu nan ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan manoma ne. Muna noma rake da masara da tumatir da barkono. Kuɗinmu ya kan zo gaba ɗaya da kaka. To, wani da ya karɓi kuɗin rake sai biki da sabuwar riga. In damina ta faɗi, babu kuɗin taki. Sai ya ci bashi, ya sayi hatsi da tsada, irin wanda ya sayar da araha. Ɗansa kuwa yana kallo, yana tsammani haka duniya take.

Wani kuma ya kan raba kuɗinsa uku. Kashi ɗaya na cefane, ɗaya na iri da taki, ɗaya na sayen tunkiya. Matarsa tana zubin adashi. Ɗansu ya san kuɗi yana haihuwa in an sa shi aiki.

Ga misali daga Kano. Alhasan Ɗantata ɗan fatake ne, uwarsa ma 'yar kasuwa ce. Ya yi fataucin goro, sa'an nan ya shiga sayen gyaɗa. Da aka buɗe banki a Kano cikin 1929, ya kai kuɗinsa ajiya. Ya rasu cikin 1955, amma 'ya'yansa, Sanusi da Aminu, suka riƙe sana'ar. Aliko Ɗangote jikan Sanusi ne.

Amma binne kuɗi ba dabara ba ce. Cikin 1984 gwamnati ta canza takardun Naira, wanda bai kai nasa banki cikin lokaci ba ya yi hasara. Tsadar kaya kuma tana rage ƙarfin kuɗin da ke kwance.

Saboda haka mu saya wa yaro asusu. Mu ba yarinya kaza ta kiwata, ribar ta zama tata. Mu tafi kasuwa da su, su rubuta abin da aka saya da abin da ya saura. Kada mu taɓa ajiyarsu sai da saninsu, don kada su ce tanadi wahalar banza ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.