Mutum ɗaya da jita: abin da ke jan masu saurare zuwa waƙoƙin kaɗaici

A watan Oktoba na 1971, wani matashi ɗan Ingila mai suna Nick Drake ya shiga ɗakin ɗaukar sauti a birnin Landan, daga shi sai jitarsa da injiniya John Wood. Cikin dare biyu ya kammala kundin Pink Moon, waƙoƙi 11 da tsawonsu bai kai rabin awa ba. Babu ganga, babu ƴan amshi. Da kundin ya fito a 1972, kasuwa ba ta karɓe shi ba. A watan Nuwamba na 1974 Drake ya rasu a gidan iyayensa yana da shekara 26, bayan ya sha maganin ciwon damuwa fiye da ƙima.

Sai a 1999, lokacin da kamfanin motoci na Volkswagen ya saka waƙar Pink Moon a wata talla a Amurka, jama'a suka yi rububin neman faya-fayensa. A yau ana ɗaukarsa a matsayin ɗaya daga cikin iyayen salon da Turawa ke kira indie folk, wato waƙar da mutum ke rubutawa da kansa, ya rera da murya ƙasa-ƙasa, galibi ba tare da manyan kamfanoni ba.

Babban abin da ke riƙe mai saurare shi ne kusanci. Ana ajiye makirufo dab da bakin mawaƙin, har a ji numfashinsa da ƙarar yatsunsa a kan tsirkiya. Wanda ya toshe kunnensa da na'urar saurare cikin dare, sai ya ji kamar a gefensa ake zaune ana faɗa masa abin da ya kasa furtawa.

Justin Vernon, wanda aka fi sani da Bon Iver, ya bi wannan hanya. Bayan rashin lafiya da rabuwa da budurwarsa, ya keɓe kansa a bukkar farauta ta mahaifinsa a jihar Wisconsin cikin hunturun 2006, inda ya ɗauki kundin For Emma, Forever Ago. A 2012 ya samu kyautar Grammy. Shi kuwa Sufjan Stevens, rasuwar mahaifiyarsa Carrie ce ta haifar da kundinsa na 2015, inda ya yi maganar uwar da ta tafi ta bar shi tun yana ƙarami, ba tare da ya wanke ta ko ya tsine mata ba.

Wannan yanayi ba baƙo ba ne ga kunnen ƴan Nijar. Kiɗan jitar Buzaye na yankin Agadas ana kiransa asuf, kalmar da ke nufin kewa da begen abin da ya yi nisa. Kayan kiɗan sun bambanta, amma ciwon ɗaya ne.

Sai dai akwai tarko. Wasu masoyan salon kan mayar da wahalar mawaƙi tamkar ado, su ɗauka cewa ciwon ne ya ba shi basira. Tarihin Drake ya nuna akasin haka: da damuwar ta yi masa yawa, waƙa ta gagare shi, ya koma ɗaki yana kwanaki ba ya magana. Elliott Smith, wanda waƙarsa ta shiga takarar kyautar Oscar a 1998, shi ma ya rasu a 2003 yana da shekara 34, bayan doguwar fama da damuwa da shaye-shaye.

Waƙar tana iya zama abokiyar hira ga wanda ya rasa masoyi ko ya yi nisa da gida. Amma wanda baƙin ciki ya hana shi barci da cin abinci makonni a jere, likita da ƴan uwa yake bukata, kamar yadda waɗannan mawaƙa suka bukata.