Idan Faya Ta Fashe Kafin Naƙuda

A Rido, maƙwabciyar matatar man Kaduna, kamar a sauran garuruwanmu, idan faya ta fashe babu ciwon mara, akan ce wa mai ciki ta jira naƙuda. Wannan jira yana da haɗari. Faya ce katangar da ke tsare ɗan tayi daga ƙwayoyin cutar da ke al'aura, kuma da zarar ta tsage hanya ta buɗe musu. Kusan ciki 3 cikin 100 ne fayarsu ke fashewa kafin mako 37, kuma babbar tambayar likita ita ce: wace mai ciki ce cuta za ta shiga mahaifarta?

Har yau babu gwaji guda da ke amsa wannan tambaya. Ana auna sinadarin CRP a jini da yawan fararen ƙwayoyin jini, amma ciki kansa yana ƙara yawan ƙwayoyin, haka ma allurar ƙosar da huhun jariri, sannan gwaji kan fito lafiya alhali cuta ta riga ta kama. Shi ya sa hukumar NICE ta Birtaniya ta ce kada a dogara da gwaji ɗaya shi kaɗai. Abin da ke tona asirin cutar shi ne awo a kai a kai: zafin jiki ya kai 38, bugun zuciyar uwa ya haura 100 a minti, na ɗan ya haura 160, mahaifa na zafi idan an taɓa, ruwan ya fara wari. A nan gida akwai ƙarin tarko, domin kowane zazzaɓi maleriya muke kiransa, sai a sha magani a kwanta.

Wani zai ce, me ya hana a haifar da ita nan take? Binciken PPROMT na 2016 ya nuna cewa a cikin da ke tsakanin mako 34 da 37, gaggawar haihuwa ba ta rage kamuwar jarirai da cuta ba, sai ƙara musu wahalar numfashi. Wani kuma zai ce a sayo magani a kemis. Binciken ORACLE na 2001 ya nuna amfanin erythromycin, amma ya gano co-amoxiclav na ƙara cutar ruɓewar hanji ga bakwaini, don haka zaɓen magani aikin likita ne. Mai kukan kuɗi yana da gaskiya, sai dai ma'aunin zafi da agogo sun fi jinyar jariri araha.

Saboda haka jira halal ne, amma a ƙarƙashin idon ma'aikatan lafiya. A riƙe sa'ar da ruwan ya zubo, a yi ƙunzugu mai tsabta don ganin launinsa, ungozoma ta janye hannunta, miji ya ƙaurace wa shimfiɗa. A tafi asibiti a ranar, in cikin bai kai ba a nemi a tura ta asibitin Gwamna Awan a Kakuri ko na Barau Dikko, tun zazzaɓi bai zo ba.