Ingilishi ya zama harshen aiki a Nijar: yadda malaman kolej ke koyon koyarwa da salula da lasifika

Idan aka buga ƙararrawar safe a kolejojin gwamnati na Maradi, Damagaram ko Tawa, malamin Ingilishi kan shiga aji ne da alli da littafin darasi, sai kuma muryarsa. Ƴan makaranta na zaune uku-uku, wani lokaci huɗu-huɗu, a tebur ɗaya. Ya rubuta jimla a allo ya karanta, su maimaita, su kwafe a kaye. Haka aka koyar da iyayensu, haka kuma ake koyar da su. Shi ya sa yaro kan share shekara huɗu a kolej da uku a lise, ya haddace dokokin nahawu, amma ranar da baƙo daga Legas ko Akara ya tambaye shi hanyar tasha sai ya yi zuru, domin kunnensa bai taɓa sabawa da Ingilishin wani mutum ba in ba na mushensa ba.

Wannan tsohuwar matsala ta ƙara nauyi tun watan Maris na 2025. Kundin sake gina ƙasa da Janar Abdourahamane Tiani ya sanya wa hannu ranar 26 ga watan ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma sanya Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. A cikin watan ne kuma Nijar ta sanar da ficewarta daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci. Ingilishi, wanda ɗalibi ke fara karo da shi a ajin siziyam kuma yake rubuta shi a jarrabawar BEPC da ta Bak, ya tashi daga darasin neman maki ya koma harshen da doka ta ba shi kujera a ofis. Nauyin cika wannan buri ya faɗo ne a kan malaman kolej da lise, waɗanda da yawansu ƴan kwantiragi ne.

Daga Peace Corps zuwa wayar hannu

Musayar malamai ba baƙon abu ba ne a Nijar. Rukunin farko na ƴan sa-kai na Peace Corps ya sauka ƙasar a 1962, kuma koyar da Ingilishi aka turo su yi. Dattawa da dama da suka yi kolej a shekarun 1960 da 1970 daga bakin waɗannan matasan Amurkawa suka fara jin harshen. An dakatar da shirin a watan Janairun 2011 saboda tsaro, bayan sace wasu Faransawa biyu a Yamai.

Daga baya akalar ta juya: malamin Nijar ne ke tafiya, ko kuma horon ya iske shi a wayarsa. Shirin Fulbright TEA na ma'aikatar harkokin wajen Amurka, wanda ƙungiyar IREX ke gudanarwa, kan ɗauki malaman sakandare zuwa wata jami'a ta Amurka na tsawon mako shida. A can suna halartar darussa kan dabarun koyarwa, tsara darasi da amfani da na'urori, sannan a haɗa kowannensu da wani malamin sakandare na garin, ya shiga ajinsa ya ga yadda yake aiki, shi ma ya koyar. Ana buƙatar mai nema ya kasance yana riƙe da aji, ya yi wasu shekaru a bakin aiki, ya kuma ci gwajin Ingilishi.

Ga waɗanda ba su samu tafiya ba, akwai kwasa-kwasan intanet na shirin OPEN, wanda a da ake kira E-Teacher. Kwas ɗaya kan ɗauki mako takwas, kuma malami daga Maradi kan samu kansa a aji ɗaya da takwarorinsa na Asiya da Kudancin Amurka. Cikin kwasa-kwasan da aka sani har da wanda jami'ar jihar Iowa ta tsara kan amfani da fasahar zamani a ajin Ingilishi. A ɓangaren Birtaniya, cibiyar British Council ta kafa shirin English Connects domin ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci da Fotugis, baya ga dandalinta na TeachingEnglish da kowane malami ke iya shiga kyauta.

Su ma malaman Afirka sun kafa tasu inuwar. Ƙungiyar Africa ELTA, wadda ta soma da sunan Africa TESOL, ta yi babban taronta na farko a Khartum a 2016, sannan Kigali a 2017, Dakar a 2018 da Abuja a 2019. Amfanin irin wannan taro shi ne mai jawabi da mai sauraro duk sun san ajin da ya cika maƙil da ɗalibai kuma babu soket a bango.

Abin da ake iya ɗaukowa a jaka

Malamin da ya je Amurka kan tarar da aji mai allon lantarki, kowane ɗalibi da kwamfutarsa, intanet ba ya yankewa. Ba zai iya ɗauko wannan ya kawo Tibiri ko Mirriya ba. Abin da ke shiga jakarsa shi ne dabara, kuma horo mai kyau kan fara ne da tambayar abin da ake so yaro ya iya a ƙarshen awa ɗaya, kafin a zo maganar na'urar da za ta taimaka.

Misali mafi sauƙi shi ne darasin sauraro. Malami ya sauke wata gajeriyar hira a wayarsa lokacin da ya samu intanet, kamar shirin BBC na koyon Ingilishi mai minti shida, ko sautukan da ke shafin American English. Ya zo aji da ƙaramar lasifika mai caji, irin wadda masu shayi da ƴan kabu-kabu ke jin waƙa da ita. Kafin ya kunna, ya rubuta tambayoyi biyu a allo, ya bayyana kalmomi uku ko huɗu masu wuya. A ji na farko yara su gano su wa ke magana da abin da ake magana a kai. A ji na biyu su nemo amsoshi. Sannan kowa ya juya ga maƙwabcinsa su gwada amsa kafin a tattauna gaba ɗaya. Cikin minti ashirin aji ya ji muryoyin da ba na malami ba, kuma kowane yaro ya buɗe baki.

Ana kuma juya wayar ta fuskanci ɗalibai. A raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni ya shirya hirar ciniki a kasuwa ko ta likita da majinyaci, malami ya naɗi muryarsu, a kunna kowa ya ji. Yaron da ya ji kansa da kunnensa kan gane kuskurensa tun kafin a gyara masa. Akwai kuma manhajar Plickers, wadda ba ta buƙatar ɗalibi ya mallaki waya. Ana buga wa kowane yaro kati mai wani zane, ya juya shi ta gefen amsar da ya zaɓa ya ɗaga sama, malami ya bi ajin da kyamarar wayarsa, nan take ya ga waɗanda suka gane da waɗanda aka bari a baya. Sai dai katunan ba su wuce 63 ba, don haka a manyan azuzuwa sai an haɗa yara biyu a kati ɗaya.

Inda babu intanet sam, akwai manhajoji irin su Kiwix, mai ba da damar karanta Wikipedia ba tare da layi ba, da Kolibri, wadda ake zuba wa darussa sau ɗaya a riƙa amfani da su. Tsakanin malamai kuwa, katin memori da Bluetooth da Xender sun isa su kai darasi daga waya zuwa waya.

Annobar korona ce ta tura da yawa cikin wannan hanya ba shiri. Da aka rufe makarantun Nijar daga 20 ga Maris zuwa farkon Yunin 2020, zaurukan WhatsApp suka zama wurin aika darasi da saƙon murya, kuma yawancin horon da ake yi ido da ido ya koma ta intanet. Tun ƙarshen 2022 kuma manhajoji irin su ChatGPT suka shigo. Malami na iya sa su rubuta masa gajeren labari daidai da matakin ajinsa, mai sunayen Hadiza da Sani da kasuwar Kadro maimakon garuruwan da yara ba su taɓa ji ba. Amma manhajar kan yi kuskure da cikakken ƙarfin hali, kuma ɗalibin da ke da waya na iya sa ta yi masa aikin gida. Tantance abin da na'ura ta rubuta ya zama wani sabon darasi da malamin kansa ke buƙatar a koya masa.

Wuta, kuɗin intanet da rumfar kara

Cikas na farko shi ne lantarki. Alƙaluman Bankin Duniya na nuna cewa kusan mutum ɗaya ne cikin biyar ke samun wuta a Nijar, kuma a karkara abin ya fi haka muni. Ƙasar ta daɗe tana sayen mafi yawan wutarta daga Najeriya, kuma kowa ya ga sakamakon haka lokacin da aka katse layin a watan Agustan 2023 sakamakon takunkumin CEDEAO. Majigi ba ya aiki a ajin da babu wuta, waya kuma sai an kai ta wurin mai caji an biya.

Na biyu shi ne ginin kansa. Hukumomi sun taɓa ƙiyasta azuzuwan zana da kara a faɗin ƙasar da kusan dubu 36. Gobarar unguwar Pays-Bas a Yamai cikin Afrilun 2021 da ta Maradi cikin Nuwamban shekarar, waɗanda suka ci rayukan yara fiye da arba'in, a irin waɗannan rumfuna suka tashi. A makarantar da ba ta da ƙofar kullewa, ko an ba da kwamfuta babu inda za a ajiye ta.

Na uku aljihun malami ne. Kwas na mako takwas na nufin sayen megabit mako takwas daga Airtel, Moov, Zamani ko Niger Telecoms, kuma ɗan kwantiragin da alawus ɗinsa ke makara shi zai biya. Zuwan Starlink a 2025 ya buɗe wata ƙofa ga garuruwan da layi ba ya kaiwa, amma kuɗin na'urar da na wata-wata sun fi ƙarfin malami shi kaɗai. Malamai mata na da nasu ƙarin nauyin, domin lokacin da ake yin irin wannan karatu, wato dare da ranakun hutu, shi ne lokacin da aikin gida ke jiransu.

Akwai kuma jarrabawa. Muddin maki mafi yawa na fitowa ne daga nahawu da fahimtar rubutu, malamin ajin turwaziyam zai ga darasin sauraro a matsayin ɓata lokaci, iyaye ma sakamakon BEPC za su tambaye shi.

Ƙofar waje na ƙara tsukewa

Dangantakar Yamai da Washington ta yi sanyi tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Sojojin Amurka sun kammala ficewa a watan Satumban 2024, a farkon 2025 gwamnatin Donald Trump ta dakatar da kuɗaɗen tallafi da na shirye-shiryen musaya da dama domin sake nazari, sannan a watan Yulin 2025 ofishin jakadancin Amurka a Yamai ya dakatar da ba da biza. Ko a lokacin da hanya ke buɗe, kujerun da ƙasa ɗaya ke samu a irin waɗannan tafiye-tafiye ƴan ƙalilan ne idan aka kwatanta da yawan malaman da ke bakin allo.

Wannan ya sa ido ke komawa gida da maƙwabta. Nijar na da iyakar kusan kilomita 1,500 da Najeriya, inda Ingilishi ne harshen karatu. Daga Maradi zuwa Katsina ta Ɗan Isa da Jibiya tafiyar sa'o'i kaɗan ce, haka Ƙonni da Sakkwato, haka Magarya da Kano. Kwalejojin horar da malamai da jami'o'in waɗannan birane na koyar da yaran da Hausa ce harshensu na gida, masu tuntuɓe a wurare iri ɗaya da yaran Tasawa ko Madawa, kamar rikita sautin p da f. Su kuma makarantun Najeriya na neman ƙwararrun malaman Faransanci. Musayar da kowane ɓangare ke da abin bayarwa ta fi saurin ɗorewa, kuma ba ta buƙatar tikitin jirgi. Abin da take buƙata shi ne amincewar hukumomin ƙasashen biyu da tsaro a kan hanya.

A cikin gida ma akwai tsarin da aka riga aka kafa. Malaman fanni ɗaya na haɗuwa a tarukan da ake kira UP, akwai sufetoci da masu ba da shawara kan koyarwa a kowace jiha, akwai kuma babbar makarantar horar da malamai ta jami'ar Abdou Moumouni a Yamai. Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Malamin da ya dawo daga horo, idan aka bar shi da takardar shaidarsa a jaka, ajinsa kaɗai zai amfana, watakila ma ya bar koyarwa ya koma wata ƙungiya mai biyan albashi mafi tsoka. Idan kuwa aka ware masa lokaci a taron UP ya gwada darasin sauraro a gaban abokan aikinsa, suka kwashi sautukan a katin memori, mai ba da shawara ya bi su aji bayan wata ɗaya ya ga abin da ya yiwu da wanda ya gagara, to tafiyar mutum ɗaya ta isa makarantu goma.

Kayan da ake buƙata domin farawa ba su da yawa: lasifika ɗaya, ƙaramin faifan sola na caji, katin memori, da ɗan kuɗin intanet da makaranta ko ƙungiyar iyayen yara za ta ɗauke wa malami. Yaran da suka shiga siziyam a shekarar da aka sanya hannu kan kundin za su zauna jarrabawar BEPC a 2029, kuma daga bakinsu ne za a ji ko Ingilishin ya bar allo ya zama harshen aiki.